Tauraruwar da Gawo Ya Ɓoye

Alhamis, 18 ga Safar, 1388, bayan isha'i

Sun sare gawon.

Na dawo daga sallar la'asar na tarar da shi kwance a kudancin ɗakina, Almu ladan yana tsaye a kansa yana ba mutum biyu masu gatari umarni kamar gonarsa ce. Na ce wa ya ba da izini? Ya ce, "Malam Muɗɗalibi, iccen nan ya tsage tun daga gindi. Iskar farkon damina ɗaya, sai mu haƙo ka daga ƙarƙashinsa." Ni ban ga tsaga ba. Shekara arba'in da ɗaya ina shimfiɗa buzuna a gindinsa, da ya tsage ai ni zan fara sani.

Sakinatu tana tsaye a bakin zana tana kallon ƙasa. Ɗiyar ƙanena Jibirin ce marigayi, ita ke kawo mini abinci tun da na zama ni kaɗai a gidan nan. Ko mamaki ba ta yi ba. Wanda bai yi mamaki ba, da saninsa aka yi.

Littafin nan na lissafin taurari ne da kwanakin ruwa, ba na ƙorafi ba. Amma ba ni da wanda zan gaya wa.

Da na fito bayan isha'i sai na ga kudu a buɗe kamar an cire haƙori. Gawo ganye yake yi da rani, ya kaɗe da damina lokacin da hadari ya rufe sama, don haka wannan kusurwa ban taɓa yi mata kallon tsanaki ba. Can sama da kututturen akwai wata tauraruwa da ban sani ba. Ba ta ƙyalli. Kamar an ɗiga nono a baƙin zane an shafa da yatsa.

Sauran duk garau suke.

Juma'a, 19 ga Safar, hantsi

Malamin da ya koya mini manzilolin taurari, wato masaukan wata a cikinsu, muna zango a Abeshe a hanyarmu ta zuwa gabas, yakan ce: "Ranar da tauraro ya yi maka gashi, ka bar ba da shaida." Yau shekara kusan sittin, jiya na ji muryarsa.

Saura kwana ashirin da takwas Kaza da 'Ya'ya ta fito da asuba, wadda Larabawan nan ke kira Surayya. Ni nake ganinta, ni nake faɗa a ƙofar masallaci, daga ranar mutanen garin nan ke ƙirga kwanakin shuka, mata su fito da iri su shanya. Ban taɓa kuskure ba. Ba ni da gona, ba ni da ɗa. Wannan ne nawa.

Tawadar nan ta yi ruwa. Wani yana ƙara mata ruwa.

Asabar, 20 ga Safar, bayan isha'i

Tauraruwar tana nan. Sauran garau.

Lahadi, 21 ga Safar, bayan magariba

An jera fararen duwatsu daga ƙofata har masallaci, ta gefen dama. Da Sakinatu ta kawo kisra da miyar kuɓewa na tambaye ta.

"Yara ne, Baffa. Wasa suke."

"Yaushe yaran garin nan suka iya jera abu a miƙe? Sahun salla ma sai an ja su da kunne."

"To ko aljanu ne."

"Aljanun da suka san inda nake tuntuɓe?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta ajiye kwanon, ta kama hannuna ta ɗora a bakinsa. Da ba ta yin haka. Na janye hannuna, na ce ni ba jariri ba ne. Ta ce, "Malesh, Baffa, yi haƙuri." Ta kuma matsar da randa daga inda take shekara da shekaru, wai can ta fi inuwa. A cikin ɗaki wace inuwa ake nema?

Litinin, 22 ga Safar, azahar

Na gaida Salihu mai kwalekwale da sunan Almu. Rigarsu iri ɗaya ce. Ya kamata mutane su daina ɗinka riga iri ɗaya.

Laraba, 24 ga Safar, bayan la'asar

Takarda daga Managil. Yakubu ne, wan Sakinatu, wanda ya sami hawasha a can, gonar da gwamnati ke rabawa, yana noman auduga, ya kuma fara jin kansa babba. Ustaz Jibril ne ya kawo, malamin makarantar gwamnati ta Abu Hujar. Ɗan garin nan ne, na san ranar sunansa, amma Hausarsa yanzu sai ta dogara da sandar Larabci kafin ta tsaya.

Ya ce, "Baba Malam, in karanta maka?"

Na ce ina karatu tun ubansa bai san hannun damansa ba. Na buɗe takardar. Rubutun Yakubu ya lalace ƙwarai, ƙanana kamar sawun kiyashi, kuma takardar tana ɗaukar ido. Na juya ta wajen haske, na juyo. Daga baya na miƙa masa don kada ya ji na raina shi.

Yakubu ya ce ya gina mini ɗaki a gidansa. Ya ce akwai hakim, wato likita, a Madani, kusa da su, wanda ke duba irin abin nan. Haka ya rubuta, irin abin nan. Ya ce zai zo da Maulidi mu tafi tare, ba sai na sake yin damina ni kaɗai ba.

Wa ya gaya masa akwai wani abu? Sakinatu ba ta rubutu. Na dubi Ustaz, shi kuma sai ya shiga gyara agogon hannunsa.

Na san ɗakin da ake gina wa tsoho. Ƙofarsa na duban bango. Za a kawo shayi da safe, a ce Baffa ya kwana lafiya, jikoki su amsa mini da Larabci. A Managil wa zai tambaye ni tauraro? Ruwansu a tashar gwamnati ake buɗe shi da makulli, mai duba gona ne ke gaya musu ranar shuka daga takarda.

Alhamis, 25 ga Safar

Ban gaya wa kowa zancen tauraruwar ba.

Asabar, 27 ga Safar, bayan isha'i

Kwana tara ina binta. Ba mai wutsiya ba ce, domin mai wutsiya tafiya take tsakanin 'yan'uwanta, wannan kuwa tana nan inda take, tana juyawa tare da na kusa da ita. Ba hayaƙi ba ne, ba gajimare ba ne. To saura abu biyu. Ko dai haka Allah Ya halicce ta, ko kuwa abin da malamina na Abeshe ya faɗa ne.

Na rufe idon hagu na duba. Na rufe na dama na duba. Ba zan rubuta abin da na samu ba.

Na ji Sakinatu da Kulu matar Almu suna magana a bayan zana. Da na yi tari suka koma zancen tsadar barkono.

Talata, 30 ga Safar, bayan magariba

An fita duban wata a filin bayan masallaci. Al'ada ita ce ko wa ya fara gani, sai an juyo an tambaye ni. Yamma ta yi fari fat, hasken yana watsuwa ta ko'ina kamar an zuba ruwan shinkafa. Kulu ta ɗaga murya daga wajen mata, "Ga shi can, ga shi can bisa gorubar Salihu!" Kowa ya ce ga shi.

Almu ya juyo. "Malam, kai mi ka gani?"

Kowa ya juyo wajena. Na ji har numfashin mutumin da ke bayana.

Na ce, "Kwana talatin sun cika. Wata ya kama ko an gani ko ba a gani ba, ba a bukatar shaida."

Almu ya ce, "Jama'a, mun roƙi Malam wata, ya ba mu fiƙihu." Aka yi dariya, ni ma na yi. Abin da na faɗa gaskiya ne, duk littafi zai bayar da shi. Amma me ya sa ya tambaye ni da ƙarfi haka? Shekara arba'in yana tambayata a kunne.

A hanyar dawowa na bi duwatsun. Don suna kan hanya ne kawai.

Alhamis, 2 ga Rabi'u Lawwal, bayan isha'i

Na yi wa Sakinatu tarko. In na tambaye ta kai tsaye, abin da zai faranta mini za ta faɗa, ta saba kwanan nan. Don haka da ta zo ɗaukar kwano na nuna da sanda na ce, "Dubi waccan sama da kututture, yadda take walƙiya kamar bakin allura."

Ta daɗe tana dubawa.

"Wace, Baffa? Ta sama da masu haske biyun nan?"

"Ita."

"Wannan ai ba ta walƙiya. Dishi-dishi take, kamar ƙullin auduga da ya faɗi a hanya."

Sandar ta kusa suɓuce mini. Na ce ta sake dubawa. Ta ce ko sau goma ta duba auduga ce.

Na kwanta ina murna, sai kuma na tuna ina magana ni kaɗai wani lokaci, kuma zana ba ta tare murya. Wataƙila ta ji ni. Wataƙila su ukun sun shirya abin da za a gaya mini, don in kwantar da hankali har ranar da lori zai tsaya a ƙofa.

Juma'a, 3 ga Rabi'u Lawwal, bayan isha'i

Wannan zan rubuta shi duka, ko tawadar ta ƙi.

Ustaz Jibril ya zo da magariba, Sakinatu ta gaya masa zancen tauraruwar. Ya zo da madubin hangen nesa mai ido biyu, na wani abokinsa mai awon ƙasa, da wata mujalla ta Masar. Almu ya biyo shi, don ba a yin abu a garin nan babu hancinsa. Muka jira jinjirin wata ya yi ƙasa.

Ustaz ya duba ya ce, "Ya salam! Baba Malam, ka san abin da ka samo? Wannan ba najma ɗaya ba ce. Wannan unƙud ne, unƙud kurawi." Na ce ya yi mini Hausa, ba a Azhar muke ba. Ya yi ta lalube. Ya ce taro. Ya ce dami. Ya ce kamar nonon inabi amma a mulmule. Taurari ne ɗaruruwan dubbai, in ji shi, sun matsu wuri ɗaya suna riƙe da juna, nisa ne ya sa haskensu ya haɗe.

Sakinatu ta karɓi madubin, ta yi ta juya shi har ta samu. Sai ta ce, "Lah! Dawo ne wallahi. Dawon fura, Baffa, an mulmula an ajiye."

Ustaz ya buga cinya. "Bas! Shi ne. Daga nesa dunƙule ɗaya, amma gero nawa ne a ciki?"

Almu ya ce saura nono da ludayi. Ya duba shi ma, ya ce shi ya ga kamar tabon kuturta, amma dai ba allura ba ce.

Na tambayi Ustaz a fili, kowa na ji: akwai mai ido a duniya da ke ganinta tsaf kamar sauran? Ya ce babu. Ya ce ko yaro ɗan shekara goma haka zai gan ta, dishi-dishi. Na sa ya maimaita.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce farar hanyar nan da ke ratsa sama, majarra, gari ne guda na taurari, mu ma a cikinsa muke, kuma irin wannan dawo sun fi ɗari suna kewaye da shi kamar ƙauyuka a bayan birni. Ya ce akwai wasu majarra ɗin ba iyaka, kuma ba a warwatse suke ba, zango-zango suke sauka, wani zangon ya tara fiye da dubu. A tsakiyar wani babban zango akwai wata uwarsu, ƙatuwa, wadda dawon da ke kewaye da ita kaɗai sun haura dubu. Na ce a ina? Ya buɗe mujalla, ya kunna tocila, ya yi ta kwatance da sunayen Turawa. Da na gane inda yake nufi sai na ce, "Tsakanin Sarfa da Awwa kake so ka ce." Ya ce bai san waɗannan manzilolin ba. Na ɗaga sanda na nuna masa, sun ɗan karkata yamma da tsakiyar sama. Malamin makaranta guda, bai san Sarfa ba.

Wurin nan na san shi kamar tafin hannuna. Fili ne, babu kome. Shekara sittin ina ratsa shi da ido in wuce.

Na ce, "Kai ka gani da idonka?"

Ya ce, "La, Baba. Madubin da ke ganin wannan ya fi ɗakinka girma. A hoto na gani."

"Mai hoton ka san shi? Adali ne?"

Ya yi dariya ya ce ba mutum ɗaya ba ne, wannan ya duba ya faɗa, wancan ya duba daga wata ƙasa ya tabbatar, wani kuma shi lissafi kawai yake yi ya ce ku duba wuri kaza. Ya ce wani babbansu ma bai cika leƙa madubin ba.

Ya miƙo mini mujallar in ga hoton. Na riƙe, na ce madalla. Takardar santsi gare ta.

Madubin kuwa na duba. Na ce musu bai dace da fuskata ba.

Asabar, 4 ga Rabi'u Lawwal, hantsi

Idona bai yi ƙarya ba. Haka Allah Ya yi ta. Na sha shayi kofi biyu, na ce wa Sakinatu ta kwashe duwatsunta. Ta ce to. Ba ta kwashe ba.

Litinin, 6 ga Rabi'u Lawwal, bayan isha'i

Me ya sa Almu bai yi mini tsiya ba da na ce madubi bai dace da fuskata ba? Abin tsiya ne. Da can da ya yi mako yana ja. Ya yi shiru, Ustaz ya yi shiru, Sakinatu ta tashi wai ta ji akuya.

Mutum yana gane matsayinsa ranar da abokin wasansa ya fara tausaya masa.

Alhamis, 9 ga Rabi'u Lawwal

Farin wata ya cika sama, ba a ganin tauraruwar. Na zubar da tawada a kan buzu. An sake matsar da kwalbar.

Lahadi, 12 ga Rabi'u Lawwal, bayan la'asar

Maulidi. Yakubu ya iso jiya a lorin Sinja, ya kawo mini jallabiya da alewar Maulidi. Ya yi ƙiba. Da aka watse daga karatu ya zauna a bakin angarib ɗina, gadon igiyar da nake kwana a kai, Sakinatu a ƙofa, Almu a kan kututture.

Ya ce, "Baffa, ka haɗa kayanka. Laraba akwai mota."

Na gaya masa zancen tauraruwar, yadda na gan ta daidai yadda take, Ustaz shaida ne. Ya ce ya ji. Ya ce, "To kunamar da ta kwana a buzunka fa, Sakinatu ta kashe ta kana zaune kana jan carbi? Ita ma dishi-dishi Allah Ya yi ta?"

Ban san da zancen kunama ba. Na juya wajen ƙofa. Sakinatu ta ce da ƙaramar murya, "Ni na sa Ustaz ya rubuta, Baffa. Gawon ma ni na kira Almu. Tsagar nan, hannuna yana shiga cikinta. Kullum kana jingine da ita."

Na ce ashe a gidana ake shari'ata ban sani ba. Na ce ubansu da yana da rai ba zai aika a ɗauke ni kamar buhun dawa ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Yakubu ya bari na gama. Sannan ya ce, "Kwayyis, na ji. Yaushe Kaza za ta fito?" Na ce Juma'a, in sama ta yi kyau. Ya ce zai jira. "In ka gan ta da idonka, Baffa, ka faɗa a ƙofar masallaci, wallahi ni kaɗai zan koma, ba zan sake tayar da maganar ba. Maganarka ta ishe ni. Ba ka taɓa yi mana ƙarya ba."

Almu ya ce, "An yi adalci." Ban tambaye shi ba.

Litinin, 13 ga Rabi'u Lawwal, azahar

Ban yi wa Sakinatu magana ba. Ta ajiye abinci, ta tsaya, ta tafi. Na lalubi kwanon da kaina. Miyar ta zube kaɗan.

Laraba, 15 ga Rabi'u Lawwal, bayan magariba

Na san inda za ta fito. In ka tsaya a kan dutsen wanki a bakin kogi, akwai goruba biyu a tsallake, ta hagu ta fi tsawo. Daga kanta ka ɗaga dunƙulen hannu ɗaya. Na san lokacin: bayan an sallame asuba, gwargwadon karanta Yasin ba gaggawa. Na san ranar. Ko an ɗaure mini fuska da rawani zan nuna wurin, kuma duk mai ido da ya bi sandata zai same ta a can.

Wa zai ƙaryata ni? Kalma biyu ce. Na gani.

Kuma ba cutar kowa. Ranar daidai ce, shuka za ta zo daidai.

Na daɗe ina juya wannan. Yaron nan da gangan ya ce ban taɓa yi musu ƙarya ba. Tarko ne, irin wanda na yi wa ƙanwarsa. A jininmu yake.

Alhamis, 16 ga Rabi'u Lawwal

An yi hadari a kudu, bai zubar ba. Allah Ya sa gobe a yi gajimare. Astagfirullah.

Juma'a, 17 ga Rabi'u Lawwal, hantsi

Ba a yi gajimare ba.

Da aka sallame, maza suka zauna a ƙofar masallaci kamar kowace shekara. Ni kaɗai nake sauka kogi, haka aka saba. Yau na tsaya a bakin zanar Sakinatu na ce, "Ke, ɗauko mayafinki." Maganata ta farko gare ta tun Lahadi. Ta ɗauko ta fito.

Ta hau da ni dutsen wanki. Na ji sanyin ruwa, na ji Salihu yana kwance kwalekwalensa can ƙasa. Na karanta Yasin a zuci. Na ɗaga kai.

Gabas fari ne. Fari kawai, daga ruwa har sama, kamar an shanya zane. Gorubar ma sai da na tuna ta kafin na ga inuwarta. Na buɗe ido har ya yi hawaye. Na duba ta gefe, yadda nake yi wa ta kudu. Na roƙi Allah ko ɗan tsako ɗaya.

Na ɗaga sanda na ce, "Bi bakin sandar nan. Gorubar hagu. Ɗora dunƙulen hannunki a kanta. Me ke sama da shi?"

Ta ɗora hannun. Sannan ta ja numfashi. "Ga su! Baffa, ga su, cunkus, 'yan ƙanana."

"Ƙirga."

"Shida."

"Bakwai ne."

"Shida nake gani."

"Kada ki kafa musu ido. Dubi gefe kaɗan, kamar kina satar kallon suruki."

Ta yi dariya, sannan ta ce, "Bakwai! Na bakwan yana ɓuya." Ta riƙe hannuna. "Kai ma ka gan su ko, Baffa?" Muryarta tana roƙona in ce i. Da na ce i, da ta rantse a gaban kowa ta tsaya mini. A nan na gane ita ba so take in tafi ba.

Muka hau zuwa ƙofar masallaci. Na tsaya inda nake tsayawa. Na ji an daina motsi.

Na ce, "Jama'a, an ga Kaza. Yau ɗaya. A fito da iri."

Wasu suka fara alhamdulillahi. Amma Almu ladan ne, kunne gare shi. Ya ce, a hankali wannan karon, "Malam, an gani, ko ka gani?"

Na ce, "An gani. Sakinatu ɗiyar Jibirin ta gani, guda bakwai. Ni na nuna wurin."

Ba wanda ya yi dariya. Yakubu ya taso ya durƙusa ya kama hannuna. Almu ya share maƙogwaro ya ce shi dai bai taɓa jin inda mace ta buɗe damina ba. Na ce ta gaya masa a kunne shi ya faɗa da ƙarfi, aikinsa ke nan tun asali, faɗin abin da wani ya ƙayyade. Sai a lokacin aka yi dariya.

Asabar, 18 ga Rabi'u Lawwal, bayan isha'i

Gobe da safe akwai lori. Yakubu ya ce hakim ɗin yakan cire yanar ido, wasu su dawo suna zura allura. Wasu kuma ba su dawo da kome ba. Na ce in an gama, ko ya yiwu ko bai yiwu ba, a maido ni kafin Kaza ta baɗi. Ya ce in sha Allahu, irin wadda ban san cikinta ba.

Yini guda ina koya wa Sakinatu manziloli. Ba ta karatu, don haka mun ƙulla igiya, ƙulli ɗaya kwana goma sha uku. Ta riƙe har manzilin Jabaha. Ustaz zai karanta mata sauran daga littafin nan, sai dai na ce ya tsallake shafukan makonnin nan. Zai karanta, na sani.

Tun da zai karanta, bari in gyara abu biyu. Ba wanda ya ƙara wa tawada ruwa. Kuma inda na rubuta sauran garau suke, ba garau suke ba. Tun bara suka yi gashi, dukansu, Sarfa da Awwa har Zara. Ƙananan kuwa sun tafi ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Makanta ce take zuwa. Ga shi na rubuta.

Ɗazu na sa aka shimfiɗa mini buzu a jikin kututture. Wata bai fito ba tukuna, sama ta yi baƙi. Na dubi tsakanin Sarfa da Awwa, inda aka ce zangon nan yake da uwarsu da dawonta dubu. Ban ga kome ba, amma a nan Ustaz ma bai fi ni ba. Sannan na juya kudu, na duba ta gefen ido. Tana nan, dishi-dishi.

Sakinatu ta ce, "Baffa, sanyi na sauka, ka shiga."

Na ce ta bar ni kaɗan. A duk sama, ita kaɗai ce nake gani yadda kowa ke ganinta.